Injin Auna Masoro

Ma'azu da baki yake ci a birnin Guangzhou na China. Ba shi da shago, ba shi da kwantena. Jarinsa Sinancin da ya tsinta a bakin titin Sanyuanli, wajen masu turin kaya da masu ɗinke buhu, har ta kai idan ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ko Maraɗi, kafin a nuna masa inda ake sayar da tuwo, lambar Ma'azu ake fara ba shi. Abu ɗaya ya sa mutane suke son aikinsa: abin da aka faɗa shi yake juyawa. Idan mai shago ya ce kayan nan suna da araha amma ba su da ƙwari, haka zai gaya maka, ko da cinikin zai watse.

Alhaji Kallamu na Maraɗi yana cikin tsofaffin baƙinsa. Dattijo ne dogo, mai furfura a gemu da yawan tsokana, abayoyi da kayan yara yake saya a kasuwar Baima. Wannan zuwan sun gama komai, an ɗaure kaya, washegari za a rufe kwantena a wuce da ita tashar jiragen ruwa ta Huangpu, sai da hantsi Alhaji ya ce akwai sautu ɗaya da ya rage.

"Na yayana ne, Tankari. Mashin yake so ta awon gari."

"Wane irin gari?"

"Masoro."

Ma'azu ya yi dariya. "Alhaji, masoro har sai an zo China? Ai mata da cokali suke ƙulla shi."

"Kai ɗan Kano, mi ka sani? Mu ma mun waye. Tsaida mana taksi."

Sautu ba a yi masa dogon bincike. Wanda ya ba ka ya yarda da kai, kai kuma ka sayo ka kai masa, magana ta ƙare. Ma'azu ya tsayar da taksi.

Shagon yana hawa na uku a wani gini a unguwar Baiyun inda ba a sayar da komai sai injinan ɗura kaya da na liƙe leda. Mai shagon, Madam Liang, gajeriyar mace ce mai gilashi rataye a wuya. Ta san Ma'azu, ya sha kawo mata masu yin garin kunu da garin sabulu. Tana ganinsu ta kira Alhaji da laban, wato maigida, ta zuba musu shayi a kofunan nan da ba su fi kurɓi biyu ba. Da ta ji abin da ake nema ta jawo wani farin inji da bai fi tukunyar miya girma ba, mai mazubin roba a sama da allon lambobi a gaba. Ka danna nauyin da kake so, ya yi ɗan kaɗawa, ya zubo maka daidai.

Madam Liang ba ta sayar da inji sai ta gwada shi da kayan da za a zuba. Ta shige bayan labule inda take dafa abincin rana, ta dawo da kwalbar garin masoro, ta juye a mazubin. Fankar da ke kusurwa ta kwashi ƙurar ta watsa musu a fuska. Alhaji ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi, ya sake yin wata kafin ya rufe baki, hularsa ta zamo gefe. Madam Liang tana ba da haƙuri tana atishawa ita ma. Ma'azu ya riƙe ciki don dariya.

"Alhaji, mai sayar da masoro ne ke kuka haka? Ina ga mai saye?"

"Yi aikinka, ɗan nema. Ce mata ta rage awon."

Ta rage.

"Ta ƙara ragewa."

Ta ƙara, har abin da ke zubowa bai cika ƙaramin cokali ba. Sai Alhaji ya sa ta yi ta maimaitawa, kowane zubi a ɗora shi a wani sikeli daban a duba. Da ɗaya ya ɗan ɗara sauran, ya tsuke fuska.

"Ba a son ƙari. Ko ƙwayar gero ba a so ta ƙaru."

Ya ɗaga babban yatsansa ya nuna mata, ya ce bakin da garin ke fita dole ya shiga bututu mai wannan faɗin. Ya kuma tambaya ko tana da abin da ke danne kaya a cikin bututun, sannan ya naɗe bakinsa ya rufe. Ma'azu yana juyawa, amma dariyar ta bar fuskarsa. Ya ga masu ƙulla yaji, ya ga masu ɗura kori a leda, bai taɓa ganin wanda ƙwayar gero ke hana shi barci ba.

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Saƙon murya ne. Ya yi irin ta dattawa, ya buɗe lasifika sannan ya kara a kunne, muryar ta cika shagon.

"Kallamu, ka samu? Ka duba da kyau, wadda ba ta ƙari. Jiya an kwance hannun Issa, likita ya ce yatsa na ukun ma sai an cire. Murfin kwalbar nan na jefa shi a masai, ba ni ƙara awo da shi. Kwanso ya taru, kowa ya kawo nashi, ba mu da abin cikawa. Ka yi hanzari, an ce sun sauka dajin nan na gabas."

Alhaji ya danne wayar da sauri, amma saƙon ya riga ya ƙare.

Ma'azu ya ajiye kofin shayin. Masoro baƙi ne, albarushi ma baƙi ne. Bututu mai faɗin babban yatsa, wanda ake danne kayan cikinsa a naɗe bakinsa, kwanson harsashin bindigar farauta ne. Ba tsoro ya fara ji ba, ko da yake a ƙasar nan maganar bindiga kaɗai tana iya sa mutum ya kwana a hannun 'yan sanda. Haushi ya fara ji, na an ɗauki bakinsa an yi aiki da shi bai sani ba.

"Alhaji," ya ce a hankali, "wane masoro ne ke cire wa mutum yatsu?"

"Ba ruwanka. Kai juya magana aka ɗauke ka."

"Ka kawo ni shagon matar da ta san sunana, ta san unguwar da nake kwana, ka sa ni yi mata ƙarya da bakina, sannan ka ce ba ruwana?"

"Mu can haka muke ce mishi. Masoro. Ban yi maka ƙarya ba."

"Wallahi Alhaji ka ji kunya."

Madam Liang tana kallonsu tana murmushi, a zatonta farashi suke shawara. Alhaji ya mayar mata da murmushin, ya matso kusa da Ma'azu, ya yi ƙasa da murya.

"Kunya? Kai da kake nan kana shan shayi cikin sanyin inji? Garinmu yana bakin iyaka, kudu da Madarunfa. Ka san mi muke gani? Da rana tsaka suke zuwa bisa babura. Shanun Tankari sun tahi da su. Matar ɗanshi, Zalika, sun tahi da ita, sai da muka saida gona ta dawo, kuma har yau ba ta magana da kowa. Soja in ka kira su sai gobe, su zo su ƙirga gawa. Harsashi sabo tsada, ba kowa ke iya saye ba. Shi ya sa Tankari ke cika tsoho. Da murfin kwalba yake awo, da ido. Ran nan awon ya ɗara, bindiga ta hwashe a hannun Issa, mijin Zalikar. Yatsu biyu nan take. Yanzu ka ji na uku. Wagga mashin ba ta yin albarushi, ba ta harbi. Awo kawai take yi, don kada yaranmu su ƙare ba hannuwa. Ina laihi a awo?"

Maganar ta shigi Ma'azu, kuma shigar da ta yi ta ƙara masa haushi. Ya fi son a ce mugu ne a gabansa.

"Ka san sunan kawuna?" ya ce.

"Ina zan sani?"

"Maidaji. Ƙanin mahaifiyata. Kuna ce mini ɗan Kano, to ubana ne Bakano, uwata 'yar ruga ce. Kawu Maidaji ya ja sa ɗaya ya kai kasuwar mako don ya sayo kanwa da gero. 'Yan sa-kai suka tare shi a bakin kasuwa. Ba su tambaye shi sunansa ba. Sun dubi fuskarsa, sun dubi malafarsa da sandarsa, suka harbe shi a gaban masu sayar da albasa. Da irin bindigar nan, da irin harsashin nan da ake cikawa a gida. Su ma an sace musu shanu, su ma an ɗauke musu mata. Ba ƙarya suka yi ba. Amma kawuna bai taɓa riƙe abin da ya fi sanda ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Allah shi jiƙanshi. Amma wannan can wajenku ne. Ba mu ba ne."

"Kowa haka yake cewa. Na tambaye ka, Alhaji. Da murfin kwalba, abin da Tankari ke cikawa a yini kaɗan ne. Idan injin nan ya isa, rana ɗaya zai cika na wata. Garinku bindiga nawa ce? Sauran ina za su?"

"Maƙwabta ma suna bukata."

"Da na tsallaken iyaka?"

Alhaji ya kau da kai, Ma'azu ya ci gaba.

"Idan mutum ya zo da buhun kwanso da kuɗi, Tankari zai tambaye shi wa zai harba?"

"Kai yaro, kada ka zagi yayana."

"Ban zage shi ba. Tambaya na yi."

Madam Liang ta ga shawarar ta yi tsawo, ta sa gilashinta, ta jawo kwalin injin ta fara shirin sakawa. Tana cikin naɗe wayar lantarkin ta nuna wata 'yar takarda da ke liƙe a gefen injin, mai hoton harshen wuta an ja masa jan layi, ta yi tambayar da take yi wa kowa.

"Garin dai ba ya kama wuta ko? Wannan akwai 'yar motar lantarki mai juya shi a cikinsa, tana ɗan tartsatsi, kuma mazubin roba ne. Na abinci ne da magani kawai." Ta yi dariya da kanta, ta nuna kwalbar masoron. "Ai na ga amsa."

"Mi ta ce?" in ji Alhaji.

Ma'azu bai juya masa maganar ba. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa riƙe maganar wani a bakinsa ba sai yau. Idan ya ce mata e, masoro ne, za ta rufe kwalin, gobe ya shiga kwantena, bayan wata biyu Tankari ya juye albarushi a mazubin roba ya danna maɓalli. Idan kuma ya ce ta kawo wanda ba ya aiki da lantarki, to da saninsa ya zaɓa wa 'yan sa-kai kayan aiki, ya zama ɗaya daga cikinsu, illa shi daga nesa yake. Ya dubi Alhaji, ya dubi matar da ta zuba musu shayi. Ita ma idan abin ya tonu, shagonta ne zai tafi.

Sinawa suna kiran albarushi hwoyau, maganin wuta. Ma'azu ya faɗi kalmar a hankali, sau ɗaya.

Hannun Madam Liang ya tsaya a kan kwalin. Ta cire gilashin. Ta dubi Ma'azu ta ga ba wasa yake yi ba, ta dubi ƙofa, ta dubi kyamarar da ke saman ƙofar. Sai ta ɗauke injin ta mayar bayan kanta, ta kwashe kofunan shayin har da wanda Alhaji bai gama ba.

"Meyo," ta ce. Babu.

Wannan kalmar ko Alhaji ya san ta. "Kamar yaya meyo? Ga shi nan ina gani!"

"Meyo, meyo." Ta juya ga Ma'azu, fuskarta ta yi ja, ta yi magana da sauri. Ba ta ji komai ba, ba ta ga kowa ba, su fita. Shi kuma kada ya sake kawo mata baƙo, ko na garin kunu ne.

Suna fita barandar ginin Alhaji ya cafke hannun rigarsa.

"Mi ka hwaɗa mata?"

"Gaskiya."

"Gaskiya! La ilaha illallahu. A ƙasar mutane? So kake a ɗaure ni?"

"Da ina so a ɗaure ka da ƙarfi zan faɗa. Sakar mini riga, Alhaji, ana kallonmu."

"A kalla! Shekara nawa ina zuwa wajenka? Wa ya kai ma uwarka atamfa har Kano da hannunshi? Na ɗauke ka ɗa, ashe abin da ke cikinka daban. Ashe jinin ne ke magana."

Ma'azu ya fizge hannunsa. "Ka ji ko? Yanzu ka faɗe ta. Ɗazu ɗan Kano ne ni, yanzu jini ne. Haka suka dubi kawuna. In da a bakin kasuwarku muke da kana da bindiga, da an gama da ni."

"Ban ce haka ba!"

"Ka ce."

Wasu samari biyu masu turin kwalaye sun tsaya suna kallo. Alhaji ya gyara hularsa, yana huci. Idanunsa sun yi ja, kuma wannan karon ba masoro ba ne.

"To ka wanke hannunka, malam mai tsarki. Ka koma ɗaki ka yi alwala. In sun zo ran kasuwa suka tarar da bindigogi ba harsashi, ni zan aiko maka hoto, ka juya ma Sinawa."

Ya ɗaga wayarsa. Ashe tun ana gwaji ya ɗauki hoton farin injin.

"Ginin ga shago nawa ne? Duk irinta suke saidawa. Hoto ba ya bukatar tafinta. Zan nuna, a buga mini kuɗi a kalkuleta, in biya. Ban son bakinka."

Ya juya ya nufi ƙarshen barandar, babbar rigarsa tana sharar kwalaye. Ya wuce shago ɗaya, ya wuce na biyu, ya shiga na uku.

Ma'azu ya tsaya a bakin matakalar lantarki, sai a lokacin abin ya faɗo masa. Alhaji bai ji tambayar Madam Liang ba. Bai san da tartsatsin ba. Shi, Ma'azu, ya haɗiye maganar, kuma yanzu duk ginin nan shi kaɗai ne ya san abin da Alhaji zai zuba, ya kuma san abin da injin zai yi idan an zuba. Mai shago na uku idan ya yi tambayar, da Sinanci zai yi, Alhaji zai gyaɗa kai ya ce masoro.

Ya ce a ransa ba shi ya aike shi ba. Ya faɗi gaskiya, an kore shi daga shagon da yake samun abinci, an zagi jininsa. Me ya rage a kansa? Ya sa ƙafa ɗaya a matakalar, ya janye.

Sai wani tunani ya zo masa, a natse, kamar lissafin kaya. Idan ya yi shiru, injin zai isa. Ranar farko da aka kunna shi, wurin cika harsashin Tankari ya ƙare. Babu buhun kwanso, babu na maƙwabta, babu na tsallaken iyaka. Wani mai malafa da ke jan sa zuwa kasuwa zai koma gida da kanwarsa. Kuma shi bai yi komai ba, bai zaɓi inji ba, bai taɓa albarushi ba. Shiru kawai ya yi.

Ya daɗe a tsaye da tunanin nan fiye da yadda zai so wani ya sani. Ya san gidajen ƙauye. Irin wannan aikin ba a daji ake yinsa ba, a zaure ake yi, ko a ɗakin da ke jikin rumbu, mata suna daka a tsakar gida. Ranar da sabon inji ya zo daga China kowa zai taru ya ga yadda yake aiki. Issa zai zo da naɗaɗɗen hannunsa. Wataƙila har matar nan da ba ta magana za ta leƙo. Ya tarar da kansa yana auna su da mutanen da bai sani ba, waɗannan a hannun dama, waɗancan a hagu, yana duba wanne ya fi nauyi. Mutanen da suka tare kawunsa ma wani lissafi suka yi kafin su ɗaga bindiga, kuma su ma a ganinsu ya fita daidai.

Ya yi tsaki mai ƙarfi har samarin nan suka waiwayo. Ya ji haushin Alhaji, ya ji haushin Tankari da bai taɓa gani ba, da masu baburan, da sojan da ke zuwa gobe. Ya fi jin haushin cewa duk inda ya juya, hannunsa a ciki yake.

Ya taka da sauri zuwa shago na uku.

Ya tarar an riga an sauko da irin farin injin, mai shagon, wani siririn mutum mai sigari a bayan kunne, yana buga lambobi a kalkuleta, Alhaji yana girgiza kai yana buga nasa. Ma'azu bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Alhaji."

Bai waiwayo ba. "Na sallame ka."

"Akwai maganar da matar nan ta yi ban juya maka ba. Haƙƙinka ne, zan ba ka, daga nan kowa ya kama gabansa. Ta ce injin nan akwai mota a cikinsa, tana tartsatsi, mazubin kuma roba ne. Ba a zuba masa abin da ke kama wuta. Idan Tankari ya zuba masoronku ya kunna, ba yatsu za a cire ba. Gidan ne zai tashi da duk wanda ke ciki."

Yatsan Alhaji ya tsaya a kan kalkuletar. Ya juyo a hankali, ya dubi Ma'azu, ya dubi injin. Ya ga 'yar takardar nan mai harshen wuta a gefensa, ya kai hannu ya shafa ta, ya janye hannun kamar ta ƙone shi.

"Inna lillahi," ya ce. Ya nemi kujera ya zauna. "Kuma ka sani tun can?"

"Na sani."

"Ka bar ni na taho?"

"Ga ni na zo."

Ma'azu ya yi zaton Alhaji zai ce a bar maganar, a koma masauki, a gaya wa Tankari ba a samu ba. Har ya fara shirya abin da zai ce idan dattijon ya nemi gafara kan maganar jini. Amma Alhaji ɗan kasuwa ne tun kafin a haifi Ma'azu, kuma ɗan kasuwa idan aka gaya masa aibin kaya, abin da yake ji shi ne siffar wanda ba shi da aibin.

"Bon, to," ya ce, yana lanƙwasa yatsu. "Ke nan wadda ba ta da mota. Ba lantarki. Kuma ba roba ba." Ya ɗaga kai. "Ta hannu ke nan. Akwai ta hannu?"

"Ban ce maka haka ba."

"Ba ka ce ba."

"Alhaji, don Allah ka bar abin nan. Na gaya maka ne don kada mutane su mutu, ba don..."

"Ni ma don kada mutane su mutu nike saye. Naka mutanen daban, nawa daban, shi ke nan." Ya miƙe, ƙarfinsa ya dawo. "Ka tsare gidan yayana yau, wannan ba ni mantawa. Maganar da na yi ta jini, Allah shi yafe mini, kai ma ka yafe. Amma ba ni komawa hannu wofi."

"Ban yafe ba," in ji Ma'azu. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. "Sau biyu ke nan yau kana aiki da bakina."

Alhaji bai musa ba. Ya juya ga mai shagon, ya ture farin injin gefe, ya kama wayar lantarkin ya girgiza kai, ya ƙwanƙwasa mazubin roban ya sake girgiza kai. Sannan ya dunƙule hannu ya yi alamar jan mariƙi sama da ƙasa, sama da ƙasa.

Mai shagon ya karkata kai, bai gama ganewa ba. Ya hango Ma'azu a bakin ƙofa, ya san fuskarsa a ginin, ya ɗaga murya da Sinanci.

"Aboki, me laban yake so?"

Ma'azu ya dube shi. Kalma ɗaya ce, ya riga ya faɗe ta sau ɗaya yau. Idan ya sake faɗa, wannan ma zai ce meyo, Alhaji ya wuce shago na huɗu, ya sauka hawa na biyu, ya tsallaka ginin da ke fuskantar wannan, yanzu kuma ya san abin da zai nuna da hannu. Sai dai Ma'azu ya bi shi ƙofa ƙofa yana faɗa, har wani ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, a kama dattijon, a riƙe kwantenar da kayan mutane da dama ke ciki.

Ya juya ya nufi matakala. Bai kai ƙarshen barandar ba ya ji mai shagon ya ce "Aa!" irin ta wanda ya gane, sannan ya ji ƙarar tsanin ƙarfe ana jan shi a kan siminti zuwa kantar sama, za a sauko da ta hannu. Bai waiwaya ba. Ya sauka hawa uku yana cije haƙora, ya fita cikin zafin rana, taksi ta tsaya a gabansa ya ɗaga mata hannu ta wuce, ya kama hanyar Sanyuanli a ƙafa.